Fawa saflai ko caja: yadda ake caja batir ba tare da an kashe shi ba

Duk shagon gyaran waya ko na rediyo da ka leƙa a kewayen babbar kasuwar Maradi, da wuya ka rasa wannan akwatin a kan tebur: fuska mai lambobi layi biyu, ɗaya na bolt, wato ƙarfin turin wuta, ɗaya na amfiya, wato yawan wutar da ke gudana, da maɓallan murɗawa, da waya ja da baƙa masu kilif a baki. Fawa saflai ke nan. An ƙera ta ne don gwaji, a ba allon waya ko wata na'ura wuta daidai gwargwado a ga yadda take ja. To amma tunda tana ba da wutar da ka zaɓa da hannunka, mutane da yawa sun mai da ita caja, har wasu na cewa sayen caja ɓarnar kuɗi ce ga wanda ke da ita.

Tana iya cajin, wannan babu musu. Abin da ba ta iya shi ne tsayawa. Ba ta san wane irin batir ka maƙala mata ba, ba ta san ya cika ba, ba ta san ya ɗau zafi ba. Duk wannan sanin a kanka yake, kuma sai kana zaune a wurin yake amfani.

Cajin batirin dalma da na litiyam tafiyarsu ɗaya ce da dahuwar shinkafa: a fara da wuta mai ƙarfi, a janye itace ta tsotse a hankali, sannan a sauke tukunya. A mataki na farko na'ura tana tura amfiya tsayayye, bolt ɗin batir yana hawa. Wannan ne lokacin da fitilar CC ke kunne a fuskar fawa saflai. Idan bolt ya kai iyakar da ka sa, sai fitilar ta koma CV, bolt ya tsaya cak, amfiya ta riƙa sauka da kanta. Waɗannan biyun fawa saflai tana yin su tsaf, wani lokaci ma fiye da caja mai araha. Mataki na uku, wato yanke wuta ko sauke bolt zuwa na riƙo, wanda ke ajiye batir a cike, caja ta ƙwarai ce kaɗai ke yin sa ba tare da an ce mata ba.

Ka fara sanin na'urar da ke gabanka

Ba kowace fawa saflai ce ta dace da caji ba. Ƙananan nan na masu gyaran waya, masu bolt 15 da amfiya 2, da yawansu ba su da CC na gaskiya. In aka ja wuta fiye da ƙarfinsu sai su yi ƙara su yanke, ba sa riƙe amfiya a inda ka ce. Irin wannan ka bar ta a aikinta na gwajin allo. Wadda ake magana a kai ita ce mai maɓallin amfiya daban da na bolt, galibi mai bolt 30 da amfiya 5 ko 10.

Sai ka tanadi mita ta hannu mai auna bolt. Lambar da ke fuskar na'ura kan kauce da ɗigo ɗaya ko biyu, kuma a batirin litiyam bambancin 4.2 da 4.3 ba ƙarami ba ne. Ka tanadi fis da za ka sa a jar waya kusa da kan batir, wanda ya ɗan ɗara amfiyar da za ka yi caji da ita. Ka nemi dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe guda kawai, irin wanda ake kira Schottky, mai ɗaukar wannan amfiyar. Wayoyin da ke zuwa cikin kwali sirara ne, da amfiya 5 za ka ji sun yi ɗumi a hannu, kuma ɗumin nan bolt ne ke zubewa a hanya kafin ya isa batir. Ka sauya su da masu kauri, gajeru.

Dayod ɗin nan, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ba abin ado ba ne. Maradi ta daɗe tana samun mafi yawan wutarta daga Najeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu daga watan Agustan 2023 da aka yanke ta. Ko a lokacin lafiya, in zafi ya tsananta kamfanin lantarki na Nigelec na rabon wuta unguwa-unguwa. To da zarar wuta ta tafi batir na maƙale, sai lamarin ya juya: batir ya koma tura wuta cikin na'urar. A wasu ƙarfin batirin kawai zai zube a banza, a wasu kuwa sai wani abu ya ƙone a ciki. Dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe guda, wuta ta fita zuwa batir, ba ta dawowa. Caja ta ƙwarai da nata a ciki take zuwa.

Saiti kafin ka taɓa batir

Tsarin nan kada ka sauya shi, ko wane batir ne.

Batir na gefe, ba a haɗa shi ba. Kunna na'ura, sauke bolt zuwa 2 ko 3, murɗa maɓallin amfiya zuwa ƙasa. Haɗa bakin jar waya da baƙa, fitilar CC za ta kama. Murɗa amfiya a hankali har ta kai adadin da kake so, sannan ka raba wayoyin. Yanzu ka ɗaga bolt zuwa iyakar batirin, kana dubawa da mitarka a bakin kilif. Idan taka mai maɓallin buɗe wuta ce wadda ake rubuta mata lambobi, ba sai ka haɗa wayoyi ba, ka rubuta bolt da amfiya tun wutar na rufe.

Sannan ka auna batirin shi kaɗai ka rubuta abin da ya nuna. Ka tabbatar da gefen + da gefen − da mita, kada ka dogara da launin waya, domin batirin da ya bi hannun masu gyara da yawa ana samun an juya masa launi. Juya + da − a caja mai kyau fitila ce kawai za ta yi ja. A fawa saflai kuwa akwai dayod na kariya a ciki wanda zai zame wa batirin gajeriyar hanya, kuma batirin mota na iya turo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. In babu fis, waya ce za ta narke a hannunka.

Na'ura a kunne take kafin a haɗa batir, kuma batir ake fara cirewa kafin a kashe ta. Da zarar ka haɗa, hannunka ya bar maɓallin bolt. Nan ne yara masu koyo ke faɗawa. Yaro ya sa 14.4, ya haɗa, ya ga fuska ta nuna 12.3, sai ya ce, "Maigida, wutar ta sauka, in ƙara?" A'a. Ba sauka ta yi ba, bolt ɗin batirin take nuna maka, kuma zai hau da kansa. In ya ƙara murɗawa, ya ɗaga iyakar zuwa inda bai sani ba, wataƙila 17 ko 18, kuma ba zai gane ba sai batir ya fara tafasa.

Batirin dalma: na babur, na mota, na sola

Batirin bolt 12 sel shida ne a jere, wato ƙananan batirai shida a cikin akwati ɗaya. In ya huta sa'o'i kaɗan bayan caji, cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna wajen 12.1 ya kai rabi. Ƙasa da 10.5 kuwa an zuƙe shi ƙarƙaf, kuma kowane kwana da ya yi a haka yana rage masa rai.

Amfiyar caji ka ɗauki kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato lambar Ah da aka rubuta a jikinsa. Batirin babur ɗin kabu-kabu mai 7Ah, amfiya 0.7. Na mota mai 60Ah, amfiya 6. Na sola mai 100Ah, amfiya 10. Iyakar bolt 14.4 ce a ma'aunin zafi na digiri 25. Amma yaushe rabon shagon kwano a Maradi da digiri 25 in ba cikin hunturu ba? A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce 40. Ƙa'idar masu ƙera batir ita ce a rage kimanin milibolt 3 (milibolt dubu ne bolt ɗaya) ga kowane sel a kan kowane digiri da ya haura 25. Sel shida, digiri 15 na ƙari, lissafin ya ba da kusan bolt 0.3. Wato a bazara 14.1 ce iyakarka. Na fi son wannan a fawa saflai fiye da komai: kai ke sa lambar da yanayin garinku ya nema, alhali caja mai araha da lambar ƙasar sanyi aka rufe ta. Batirin jel, wato na dalma mai ruwa a daskare, shi ma haka, ya fi son ƙasa-ƙasa, kuma abin da aka rubuta a jikinsa shi ne gaba da duk abin da na faɗa.

In mai murfi ne, buɗe murafan ka duba ruwa. Ya rufe farantan ciki, in bai rufe ba ka ƙara ruwan batir tatacce, ba na rijiya ko na famfo ba, ba kuma asid ba. Kada ka cika shi fal kafin caji, ruwan yana ɗagowa in ya ɗau ɗumi. A yi aikin inda iska ke ratsawa, domin dab da cika batirin yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi 4 cikin ɗari a ɗaki ya isa ta kama da wuta. Ba sigari, ba walda a kusa. Cire zobe da agogon ƙarfe. Saboda tartsatsi, ka maƙala kilif a kan batir tukuna, haɗin ƙarshe ka yi shi a bakin na'ura, nesa da murafan, cirewa ma daga can za ka fara.

Daga nan sai kallo. CC za ta jima a kunne, bolt na hawa ɗigo-ɗigo. In ya kai iyaka, CV ta kama, sai ka koma kallon amfiya. Idan ta sauka zuwa kimanin kashi 2 cikin ɗari na girman batirin, wato amfiya 2 ga mai 100Ah ko 0.15 ga na babur, kuma ta daina sauka, ya cika. Ko dai ka cire, ko ka cire ka sake saita bolt zuwa 13.5 ka mayar, in kana so ya zauna a shirye. Barin sa kwana da kwanaki a kan 14.4 shi ke ƙafar da ruwa ya cinye farantai.

Ka riƙa ɗora bayan hannu a jikinsa. Ɗumi kaɗan ba laifi. Zafin da ba ka iya jure riƙewa, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko gefe ya fara kumbura, cire nan take.

Akwai lissafin lokaci da ya kamata mai sola ya yi tun kafin ya fara. Batir mai 100Ah da ya kai rabi yana bin ka 50Ah. Na'ura mai amfiya 5 za ta yi sa'a 10 tana aiki a ƙarshen ƙarfinta, ban da sa'o'in tsotsewa na ƙarshe. Wa zai zauna gadin wannan, kuma wace wuta ce za ta tsaya masa? Ga fankar na'urar da ƙurar hunturu ta toshe. Mai 200Ah kuwa kada ma a fara. Wannan aikin caja ne, ko na'urar sarrafa cajin sola, wadda ita ma caja ce mai matakai uku in an zaɓa mata irin batirin daidai.

Inda fawa saflai ta fi caja nesa ba kusa ba shi ne batirin da ya kwanta. Babur ya yi wata uku a jingine, batir na nuna bolt 6 ko 7. Caja mai ƙwaƙwalwa sau da yawa ba za ta ma gan shi ba, sai ta yi shiru kamar ba a haɗa komai ba. Sa 14.4 da amfiya ƙarama, kamar 0.3, ka zuba ido. In ka ga nan take ta tsallaka CV amma amfiya kusan sifili, farantan sun yi farin gishirin nan da ke hana caji shiga. Ka ba shi sa'o'i. Idan amfiyar ta fara hawa a hankali, 0.02, 0.05, 0.1, yana farfaɗowa, ko da yake ba zai koma sabo ba. In ta ƙi motsi har yamma, ya tafi. Akwai kuma wanda amfiyarsa ba ta sauka ko kaɗan, yana ta zafi, in ka cire ya huta sai ya koma wajen 10.5: sel ɗaya ya haɗe a ciki, babu cajin da zai gyara shi. Wannan duk a fuskar na'ura kake karanta shi, kuma da shi za ka gaya wa mai babur gaskiya maimakon ya yi ta biyan kuɗin caji kowane mako.

Litiyam ba ya yafiya

Batirin dalma in ka wuce masa iyaka ruwa yake asara. Na litiyam wuta yake kamawa, wutar da ke ciyar da kanta.

Sel irin 18650, waɗanda ake ɓarowa daga tsofaffin batiran kwamfuta ana haɗa fitilu da fawa bank da su, iyakarsu bolt 4.20. Amfiya rabin girmansa: mai 2500mAh, wato 2.5Ah, ka sa 1.2. Na waya kuwa ka karanta jikinsa, domin da yawa yanzu an rubuta musu 4.35 ko 4.40, kuma in ka yi shakka 4.20 ba ta cutar da kowanne. In ka sa dayod, ka saita 4.20 ɗin a bakin na'ura kafin dayod, kada ka ƙara don cike abin da yake ci. Abin da dayod ke ci raguwa yake yi yayin da amfiya ke sauka, to in ka ƙara, a ƙarshen caji ƙarin kan batir zai sauka. Gara ya fito bai cika sosai ba.

Auna shi tukuna. Daga 3.0 zuwa sama, caji kai tsaye. Tsakanin 2.5 da 3.0, fara da kashi ɗaya cikin goma na girmansa har ya haura 3.0, sannan ka cire ka sake saiti. Wanda ya faɗi ƙasa da 2 kuma ba ka san tsawon zamansa a haka ba, ni ba na farfaɗo da shi, ba na kuma ba kowa shawarar ya yi. Jan ƙarfen da ke cikinsa kan narke ya sake daskarewa inda bai kamata ba, sai sel ya karɓi caji lafiya lau yau, ya haɗe a cikin aljihun wani bayan wata guda. Haka wanda ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, ko mai tsatsa a kai, ko mai wani ƙamshi-ƙamshi kamar na man goge farce.

Batirin waya mai nuna sifili wani lokaci ɗan allon kariyarsa ne ya kulle, sel ɗin na nan da rai. Bolt 4.0 da amfiya 0.1 na minti kaɗan kan buɗe shi. Da ya haura 3.3 ko 3.5, mayar da shi cikin wayar ta ƙarasa cajin da kanta, ita ta fi ka sanin batirinta.

A ɗora sel a kan siminti ko tayil, ba kan katako, tabarma ko katifa ba, da bokitin yashi a kusa. Sama da digiri 45 ba a cajin litiyam, saboda haka tsakar ranar bazara a ƙarƙashin kwano ba lokacinsa ba ne, a bari sai da sassafe. Idan CV ta kama amfiya ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma na girmansa ko ƙasa kaɗan, wato wajen 0.2 ga mai 2500mAh, cire. Litiyam ba shi da cajin riƙo. In kiran salla ya same ka bai gama ba, cire shi ka tafi, in ka dawo ka mayar. Ba abin da zai rasa.

Ga mai cajin irin waɗannan sel kullum, akwai ɗan allo mai suna TP4056, bai fi ɗan yatsa ba, ana ba shi bolt 5 daga kowace cajar waya. Yana tura amfiya 1, yana tsayawa a 4.2, yana lallaɓa sel ɗin da ya yi ƙasa da 2.9, kuma yana yanke wuta da kansa. Kuɗinsa bai kai na sel ɗaya mai kyau ba.

Matsala mafi girma ita ce sel da aka jera. Uku a jere iyakarsu 12.6, to amma na'urarka jimla kawai take gani. Biyu na kan 4.05, ɗaya ya kai 4.5, jimla 12.6 ce cif, fuska na nuna komai lafiya alhali ɗaya na dab da fashewa. Jerin litiyam ba a caja shi sai da allon BMS mai lura da kowane sel, ko da caja mai daidaitawa irin iMAX B6 wadda ke da waya zuwa kowane haɗi. Ita ma jabunta sun cika kasuwa, a gwada ta da mita.

Batiran sola na litiyam da ke yawaita yanzu, masu rubutun LiFePO4, lambobinsu daban ne: kowane sel 3.2, iyaka 3.65, huɗu a jere 14.6. A nan fawa saflai na da aiki guda mai kyau. Kafin a haɗa sabbin sel, ana jera su gefe da gefe, + da +, − da −, a sa 3.65 tun ba a haɗa ba, a bari har amfiya ta kusa sifili, don su fara rayuwa a cike daidai wa daida. Da sel manya yana iya cin kwanaki, kuma jarabar ƙara bolt don a yi sauri ita ke kumbura su. Bayan wannan, cajarsu ta musamman ce. Kada a sa musu cajar batirin dalma mai matakin wanke farantai, wadda ke harba bolt sama da 15.

Ƙananan batiran NiMH masu bolt 1.2 na rediyo da tocila ba sa bin tsarin CV sam. In dole ne, kashi ɗaya cikin goma na girmansu na sa'a 14 zuwa 16, da agogo a hannu. Cajarsu ta fi sauƙi.

In caja za ka saya

Ba duk abin da aka kira caja ne ke da hankali ba. Manyan akwatunan nan masu nauyi da ake jera batiran mota a gabansu, yawanci taransifoma ce da dayod kawai. Ba iyakar bolt, ba yankewa, batir na cika bolt na ta hawa har 15 da 16. Shi ya sa za ka ga ruwa na tafasa a murafai ana cewa caji ya shiga da kyau. Fawa saflai da aka saita daidai ta fi wannan tausayin batir.

Ka nemi wadda aka rubuta mata irin batirin da take yi, da bolt ɗin ƙarshe, da amfiyar da ta yi daidai da girman naka. Caja mai amfiya 10 ta yi wa batirin babur yawa, mai amfiya 2 kuma ba za ta cika na sola ba. In tana da ɗan wayar auna zafi da ake manna wa batir, a garinmu wannan ya cancanci ƙarin kuɗin. Ka tambayi mai shago ya haɗa maka ita a batir, a zare filogi a mayar, ka ga ko tana ci gaba da kanta bayan wuta ta dawo, domin wasu sai an danna musu maɓalli, kuma da irinsu za ka wayi gari batir bai samu komai ba.

Caji na farko da ita ka yi shi da rana kana kusa, mita a kan batir. Ta dalma ta tsaya tsakanin 14.1 da 14.7, bayan wani lokaci ka ga ta sauko wajen 13.5 zuwa 13.8. Ta litiyam ta tsaya a 4.2 ga kowane sel, ko 3.65 in LiFePO4 ne, sannan amfiya ta koma sifili. In ta wuce waɗannan lambobin tana ci gaba da hawa, mayar wa mai shago kayansa tun kwalin bai yage ba.